Kasken Mushe

Shekarun baya, lokacin da aka tura maigidana koyarwa wani ƙauye da ke gefen Barmou, na bi shi da yara biyu da tukwanena, ina sharar hawaye tun daga tashar Damagaram. Ni dai tun ina yarinya an san ni da tsoro. Ƙadangare ya faɗo daga rufi sai na yi salati, balle a ce in bar mahaifiyata in tafi Adar, inda ban san kowa ba, Hausar tasu ma sai na kasa kunne sosai kafin in kama. Abin da ya zaunar da ni a garin nan mace ɗaya ce, maƙwabciyarmu, wadda katanga kaɗai ta raba mu. Ta haife ni a shekaru, don haka Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Ita ta nuna mini rijiyar da ruwanta ba ya da kanwa, ita ta koya mini gaisuwar garin, ita ce kuma ke fara yi mini dariya duk ranar da kukan jaki ya sa na zubar da tsaki.

A shekarar ne aka matsa da maganar kaske, wato hular kwanon nan ta masu moto, babur ke nan. Jandarmomi suka kafa shinge a mashigar Tahoua, duk wanda ya zo kai ba kaske a busa masa usur, a tambaye shi permi, wato lasisin tuƙi, da takardun moto, in babu a ajiye moton. Maigidana, da yake ma'aikacin gwamnati ne kuma mai gudun abin kunya, ya je ya yi permi, ya sayo kaske. Bai tashi saye ba sai mai ruwan ɗorawa, mai ƙyalli, wanda ake hangowa tun daga bayan gari. Na ce masa, duk launin duniya ka rasa sai wannan? Ya ce shi kaɗai ya shiga kansa.

Garin kuwa cike yake da moto, kusan duk ja, kusan duk iri ɗaya, yawanci samarin da suka tafi cin rani Abija, can bakin teku, ne ke saya wa iyayensu. Amma kaske a garin kaf guda ɗaya ne, na gidanmu. Mushe ake ce wa maigidana, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, shi kenan sai abin ya zama kasken Mushe. Permi ba ya aruwa, da hoton mai shi a jiki. Kaske kuwa ba ya da hoto, kuma mutane sun lura wanda ya sa shi sau da yawa ko tsayar da shi ba a yi. To fa, sai ƙofar gidanmu ta zama wurin sallama. Tun da sassafe za ka ji, “Salamu alaikum, Mushe shina ciki? Kasken nan ni ka so, Tahoua za ni.”

Ba wanda ke sa shi a hanya, kar ma ku yi zaton haka. A hannun moto ake rataya shi, ko a ɗaure bayan sirdi tare da buhu. Sai an hango shinge a tsaya a ɗora shi bisa rawani ko bisa hula, ya zauna can sama kamar faifai kan ƙwarya, igiyar haɓar tana reto, don ba ta kai wa in da rawani. Idan kuma mai fitowa daga birni ya gamu da ɗan garinmu mai shiga, sai su tsaya su gaisa, a miƙa masa kasken, kowa ya yi gabansa. Haka yake yawo hannu zuwa hannu, wani lokaci mu kwana ba mu gan shi ba. Akwai ranar da ya dawo gida da ƙwan zabi a ciki, an shimfiɗa ƙaiƙayi, wai tukwici. Na soya wa yara.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Tahoua ce. Maigidana ya fita bayan sallar asuba, zai sayo mana cefane da taya, ya ce kafin azahar yana gida. Da idona na ga ya ɗaura kasken, don shi kam yana ɗaurawa har haɓa, yara suna bin sa suna dariya.

Hantsi ya yi sosai, ina tsugune ina tuƙa tuwon rana, sai na ji moto ya tsaya da ƙarfi, ba a ƙofarmu ba, a ƙofar Inna. Wani ɗan kabu-kabu ne na garinmu, na gane muryarsa. Ya tambayi Malam, maigidan Inna, don shi ne dattijon unguwa, shi ake fara gaya wa magana mai nauyi. Na ji Inna ta ce, “Ya tahi daji dubin shanu tun da sahe. Lahiya?” Daga nan sai muryar ta yi ƙasa. Ni kuwa katangar nan ba ta ɓoye komai, ko tari aka yi ana ji. Ban ji duka ba, amma na ji “Mushe”, na ji “jini”, na ji “mai ƙahwa ukku”.

Muciyar na hannuna na miƙe. Sai na koma na zauna a ƙasa, kusa da murhu, har zanena ya fara ƙauri ban sani ba.

Inna ta shigo a hankali, ba irin shigowarta ba, don ita mai shigowa ce da surutu tun daga zaure. Ta janye ni daga wuta, ta sauke tukunyar, sannan ta ce, “Ɗiyata, ɗauko mayahinki. Mushe ya ɗan hwaɗi da moto, an kai shi likita, za mu tahi mu gano shi.”

Ya ɗan faɗi. Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san abin da ake nufi idan aka zo maka da irin wannan lallashi. Haka aka ce mana ranar da mahaifina ya rasu, wai jikin ya ɗan motsa, mu zo. Na kama hannunta na ce, “Inna, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ya mutu?” Ta ce, “Ban ce maki ba, kuma ba a ce mani ba. Tashi.”

Na fita waje na tsare ɗan kabu-kabun. Bawan Allah sai kauce wa idona yake. Ya ce shi dai ya tarar da taro gaba kaɗan da shinge, wata mai ƙafa uku da ta ɗauko albasa ta yi karo da moto. Mutumin an riga an ɗauke shi. Abin da ya gani shi ne jan moto a murƙushe, jini a kan kwalta, da kasken Mushe can gefen hanya. Ya tambayi mutane, suka ce mai shi dai da wuya. Bai tsaya jin ƙari ba ya juyo gida.

Na ɗauko salula na hau tudun bayan makaranta, wurin da kaɗai ake samun rezo, wato sabis na waya, a garin. Na kira, matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunsa. Na sake, haka. Na yi ta kira har yatsana ya daina bin lambobi. Daga kan tudun ina hango gidanmu, mata sun fara shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace da lulluɓi, ba mai magana. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali, don na san irin taron da ake yi wa shiru.

Motocin kasuwa duk sun tafi tun da safe. Abin da aka samu shi ne wata mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, ta wani mai sayar da awaki, irin dai wadda aka ce ta buge shi. Na tsaya ina kallonta, na ce ni ba zan shiga wannan abar ba. Inna ta ce, “To ki tahi ƙasa, ni na shiga.” Ta miƙa yarana ga surukarta, ta haye, ta jawo ni. Sai da muka yi nisa na lura takalmina ƙafa ɗaya nawa ne, ɗayan na maigidana, silifas ɗin alwalarsa. Na dubi ƙafar nan na fashe da kuka.

Hanyar Barmou a wancan lokacin duk duwatsu ce da kwazazzabai. Abar tana tsalle, muna buguwa da ƙarfe, kashin awaki na birgima ƙarƙashinmu. Inna ta rungume ni ta baya, ta sa haɓarta a kafaɗata, tana karanta duk abin da ta iya. Ni kuwa bakina ya ƙi addu'a. Kaina ne ke ta gudu. Na ga kaina cikin takaba a garin da ba nawa ba. Na ga an ɗora tukwanena a mota an mai da ni Damagaram. Na tuna ƙaramin yaron bai ma iya cewa Baba sosai ba. Har na tuna da safen nan na yi masa tsiya a kan ya manta sayo sabulu wancan makon, na ce ashe maganar ƙarshe da zan yi da shi kenan, sabulu.

Na ce, “Inna, idan ya mutu ina zan sa kaina?”

Ta ce, “Inda mata ka sa nasu. Kuma ki bar kashe mutum da bakinki tun Allah bai kashe shi ba. Ko mi anka tarar, ina nan tare da ke. Kin ji ko?”

Na ce na ji. Ta goge mini fuska da bakin mayafinta mai warin hayaƙi da man shanu.

Da muka iso shingen, jandarma ya busa mana usur, don direbanmu ma kansa ba komai sai hula. Kafin ya buɗe baki Inna ta ce, “Ɗana, matar wanda anka buge ɗazu ce, likita za mu.” Ya dube ni, ya cire usur daga baki. A kan teburinsu, ƙarƙashin rumfa, na hango kasken. Yana nan lafiyarsa lau, ko tsagewa bai yi ba, sai ɗan kurji a gefe. Ban san lokacin da na yi ƙara ba.

Jandarman ya ce mu yi haƙuri, shi bai daɗe da karɓar aiki ba, bai ga mutumin ba. Abin da aka gaya masa kawai, ba a samu wata takarda a jikinsa ba, ko permi, shi ya sa ba su san inda za su aika ba. Na ce a raina, Mushe da ko masallaci ba ya zuwa ba permi a aljihu? Sai kuma na ce ai wurin faɗuwa ta zube, ko wani ya tsince. Ban yarda na sa rai ba, tsoron sa rai ma nake ji. Inna ta ce wa direba ya ja. Daga nan har asibiti ba ta ƙara karatu da ƙarfi ba, hannunta dai na cikin nawa. Mun wuce wurin hatsarin, an zuba yashi a kan kwalta, albasa warwatse ko'ina, awaki na ci.

Babban asibitin Tahoua ranar kasuwa ba masaka tsinke. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana ɗakin da ake kai waɗanda suka yi hatsari. Wata ma'aikaciya ta ce e, an kawo wani daga hanyar Barmou, kansa ne ya bugu, bai farfaɗo ba, kuma ba wanda ya zo nemansa. Ta ce mutum ɗaya ya shiga ya duba ko namu ne, amma a daure, fuskar ta kumbura.

Na kai bakin ƙofar. Labule ne kore, yana ɗan motsi. Ina jin warin magani da wani abu kamar ƙarfe. A nan na tsaya. Na dafa bango na ce, “Inna, ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba.”

Ta zaunar da ni a kan benci, ta gyara mini mayafi. Ta ce, “Zamna nan. Ni in gano maki.” Ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakin mutane, ta ɗaga labulen ta shiga.

Ban san tsawon lokacin da ta yi a ciki ba. Na san dai na ƙura wa takalman nan nata ido, na roba, duk sun cinye ta diddige. Na ce idan na ji salati daga ciki shi kenan. Ban ji salati ba, ban ji komai ba. Na fara cewa ko suma ta yi. Sai labulen ya ɗaga.

Ta fito tana tafiya daidai, ba kuka, ba rawar jiki. Ta sa takalmi ɗaya, ta nemi ɗayan da ƙafa ta kasa samu alhali yana gabanta. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta kama gwiwata.

“Kwantar da hankalinki, ɗiyata,” ta ce. “Ba naki ba ne. Nawa ne.”

Na dube ta ban gane ba. Ta ce, “Malam ne. Ga rawaninshi can an naɗe.”

Sai daga baya muka haɗa labarin. Maigidan Inna ya je daji ya tarar da saniya ba lafiya, ya ce bari ya zarce Tahoua a kan jan motonsa ya sayo magani, bai biyo ta gida ba. Kusa da shinge ya gamu da maigidana yana fitowa. Suka gaisa, Mushe ya cire kasken ya miƙa masa, kamar yadda kowa ke yi. Dattijon ya ɗora bisa rawani ya wuce shinge lafiya. Gaba kaɗan mai ƙafa ukun ta shigo masa, kasken ya yi nasa wuri tun kafin shi ya kai ƙasa. Maigidana kuwa tun a kasuwa ya ji an yi wa wani abokin aikinsa rasuwa, ya ratse wani ƙauye ta'aziyya, inda ba rezo. Sai da ya koma gida ya tarar da mata cike da tsakar gidansa suna zaman jiran gawarsa. An ce wata tsohuwa da ta gan shi ta jefar da buta ta ruga.

La'asar ta yi lokacin da ya iso asibiti. Na hango shi daga nesa, kai ba hula, idanu jawur, yana waige-waige. Duk jikina ya ce in tashi in ruga. Ban motsa ba. Ta yaya zan tashi, ga matar da ta rungume ni tun daga gida zaune a gefena, mijinta na bayan labule? Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa, hawaye na zuba, ni kaina ban san na wane ne ba. Inna ce ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ce, “Tashi ki tarbi mijinki. Ke wace irin shashasha ce?”

Maigidana ya zo ya durƙusa gabanta, ya kasa haɗa magana, sai “Inna, ni na ba shi” yake ta maimaitawa. Ta ce, “Ka ba shi don ya roƙa. Da ka hana shi, da ni ce ta hwarko da za ta zage ka. Tashi, Mushe, mutane na kallo.” Malam bai farfaɗo ba. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, aka kai shi gida a bayan motar kasuwa, matan da suka taru a gidanmu suka zagaya katanga suka koma nata.

Mun ƙara shekaru a garin kafin a sake mana wurin aiki. Kasken ya dawo, jandarmomi suka ba wani ɗan garin ya kawo. Ban so ya ƙara kwana a ɗakina ba, amma ba a daina zuwa aro ba, kuma a ƙauye ba ka cewa a'a. Abin da maigidana ya koma yi shi ne, duk wanda ya zo sai ya ce masa, zan ba ka, amma ka sauke rawanin, ni zan ɗaura maka da hannuna. Wasu suka yarda, wasu suka yi fushi suka ce Mushe ya fara girman kai. Wasu na tabbata suna fita gari suke kwancewa.

Yanzu muna cikin Tahoua, yara sun girma, babban har ya fara maganar yin permi. Idan na gan shi ya ɗora kaske bai ɗaura igiya ba, unguwa duka sai ta ji muryata, suna cewa Mama ta cika tsoro. Na cika ɗin, ban musa ba. Har yau in maigidana ya wuce lokacin da ya ce, sai in ta leƙen ƙofa kamar sabuwar amarya, shi kuma ya shigo yana mini dariya.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Duk sallah nakan je mata da atamfa da goro, ta shafa fuskata ta ce na yi ƙiba. Ba ta taɓa tayar da maganar ranar ba, ni ma haka. Abin da ban gaya mata ba shi ne, a kan bencin nan, lokacin da ta ce ba nawa ba ne, wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, kafin in ji sauran maganar. Allah ya bar mini mijina, na sani, kuma ina gode masa a cikin sujada inda ba mai ji. Amma shekara da shekaru ke nan, ban taɓa iya buɗe baki na ce alhamdulillahi a kan ranar nan da ƙarfi ba.